Hana Ruwan Wanka Ratsa Gini: Aikin da Ake Yi Kafin a Manna Tayil

Jama'a da yawa sun ɗauka cewa da zarar an manna tayil a banɗaki, ƙasa da bango, to, an gama da maganar ruwa ke nan. Wannan zato kuskure ne, kuma yana jawo wa masu gidaje asarar dukiya mai yawa, yana haddasa husuma tsakanin maƙwabta, wani lokaci ma yakan raunana ginin kansa. Amfanin tayil shi ne ado da sauƙin wankewa. Abin da ke tsare ruwa kuwa wata shimfiɗa ce da ake yi a ƙarƙashinsa, wadda ido ba ya ganinta bayan an kammala aiki, saboda haka ita ce abu na farko da mai son rage kuɗi yakan tsallake. Wannan ƙasida za ta bayyana yadda ruwa ke ratsa gini, da irin ɓarnar da yake yi, da yadda ake shimfiɗa abin da ke hana shi, domin mai gida ya san abin da zai nema daga magini, magini kuma ya san abin da ke wuyansa.

Yadda al'amarin ya taso

A gidan Bahaushe na gargajiya, makewayi yana can ƙuryar gida, a ƙasa, sama a buɗe. Mutum ya yi wanka, ruwa ya bi rariya ya fita, abin da ya rage rana ta shanye shi kafin azahar. Babu wanda ke kwance a ƙarƙashin wurin, balle ruwa ya ɗiga masa. Duk da haka maginan da can ba su jahilci ruwa ba. Sun san makuba, wadda ake samu daga kwasfar ɗorawa, ana shafe bango da daɓe da ita. Sun kuma san laso, watau haɗin katsi na marina da gashin jima da dafara, wanda ake shafe rufin soro da shi, a kuma shafe cikin rijiyoyin rini irin na Ƙofar Mata a Kano, domin kada ruwan baba ya zurare cikin ƙasa. Hikimarsu ita ce a sa abin da ke tare ruwa a daidai fuskar da ruwa ke taɓawa, kada a bar shi ya shiga jikin gini tukuna sa'an nan a nemi tare shi. Wannan hikima ce dai ilmin gini na zamani ya komo gare ta, da kayan aiki dabam.

Abin da ya sauya shi ne wurin da ake wankan. Doka ta 6 ta ranar 3 ga Fabrairu, 1976, a zamanin Janar Murtala Muhammed, ita ce ta kafa Yankin Babban Birnin Tarayya da Hukumar Raya shi, kuma a ranar 12 ga Disamba, 1991, mazaunin Gwamnatin Tarayya ya tashi daga Legas ya koma Abuja. Domin saukar da ma'aikata an gina benaye masu ɗauke da iyalai da yawa a Garki da Wuse, daga baya gine-gine suka bazu zuwa Kubwa da Gwarinpa da Karu da Lugbe da sauransu. A irin waɗannan gidaje banɗaki ya shigo cikin ɗaka, ya hau bene, ya zauna a bisa kan wani. Kasan banɗakin wannan iyali shi ne rufin ɗakin wancan.

Har wa yau akwai wani sauyi. Bayan manufar mayar da alawus na ma'aikata kuɗi a hannu, wadda aka shigo da ita a 2003, Gwamnati ta fara sayar da gidajenta na Abuja a 2005. A da, idan silin ya jiƙe, sai a kai ƙara ofishin da ke kula da gidajen Gwamnati a jira masu gyara. Bayan sayarwa kuwa, na sama da na ƙasa kowa ya zama mai gidan kansa, kuma yoyon da ke fitowa daga banɗakin wani yana lalata dukiyar wani. Na sama ba ya ganin ɓarnar, don haka ba ya gaggawa. Na ƙasa yana ganinta kullum, amma ba shi da ikon fasa tayil ɗin da ba nasa ba. Da yawa daga cikin waɗannan gidaje sun haura shekara 30, abin da aka shimfiɗa musu tun farko kuma ya tsufa.

Yawan ruwan da ƙasan banɗaki ke sha

Kowa yana kula da rufin gida saboda damina, amma ƙalilan ne suka taɓa lissafa ruwan da ke zuba a ƙasan banɗaki. A ƙaddara gida mai mutum 6, kowa yana wanka sau 2 a rana da bokiti mai cin lita 15. Wannan ya kama lita 180 a yini, watau lita 65,700 a shekara, ban da alwala da wanki da wanke banɗakin kansa. Duk wannan yana zuba ne a fili da bai wuce murabba'in mita 2 ba. To, ko da an ce ruwan sama na milimita 1,500 ya sauka a shekara, wanda damina ce mai albarka a yankin Abuja, abin da zai zuba a fili mai wannan girma lita 3,000 ne kacal. Ashe ƙasan wurin wanka yana shan ruwa fiye da ninki 20 na abin da rufin gida mai faɗinsa ke sha, kuma shi ba shi da rani.

Wanda ya san randa ya san yadda ruwa ke ratsa abu mai tauri. Randa ba ta da huda, amma bayanta kullum da danshi, domin yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsattsafowa ta cikinsu. Tukwanen da aka gasa da wuta mai tsanani aka kuma lulluɓe su da ƙyalli, irin waɗanda Ladi Kwali ta yi a makarantar ginin tukwane ta tsohuwar Abuja, watau Suleja ta yanzu, su ba sa yin haka. Tayil ma iri biyu ne a wannan fuska. Akwai mai tauri ƙwarai, wanda ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Akwai kuma na bango mai araha, wanda fuskarsa ce kawai ke da ƙyalli, bayansa kuwa yakan sha fiye da kashi 10 cikin 100.

Amma ko da tayil ɗin na ƙwarai ne, akwai layukan da ke tsakaninsu. Garin da ake cike waɗannan layuka da shi siminti ne, siminti kuwa ɗan'uwan randa ne wajen shan ruwa. Haka daɓen da ke ƙarƙashin tayil, haka filasta, haka bulon yashi da siminti da ake gina yawancin gidajen ƙasar nan da shi. Ruwa ba gangarawa kaɗai yake yi cikin waɗannan abubuwa ba, yana kuma hawa sama yana tafiya gefe, kamar yadda lagwani ke jan kananzir a fitila. Shi ya sa ake ganin fenti yana kumbura yana ɓarewa a gindin bangon ɗakin kwana, alhali ruwan a ɗaya gefen bangon aka zuba shi. Farin garin nan mai kama da kanwa da ke fitowa a wurin gishiri ne da ruwa ya narkar daga cikin siminti, ya bar shi a fili sa'ad da ya bushe.

Bugu da ƙari, gini yana motsi, ko da yake motsin ƙanƙane ne. Zafin watan Maris yana buɗa shi, sanyin hunturu yana tsuke shi, sabon siminti kuma yana ƙanƙancewa yayin da yake bushewa. Inda bango ya haɗu da ƙasa, da inda bututu ya huda kankare, nan ne tsaga takan fara bayyana, siririya kamar gashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, ruwa kuwa ba ya bukatar tsagar da ta kai ta ƙadangare.

Ɓarnar da ta fi muni ita ce wadda ke aukuwa cikin dekin. Kankare shi ke kare rodin da ke cikinsa daga tsatsa. Idan ya yi shekaru yana jiƙewa yana bushewa, ruwa yana shigar masa da iska da gishirin magungunan wanke banɗaki, wannan kariya takan ƙare. Tsatsa kuwa ta fi ƙarfen da ta fito daga gare shi cin wuri, ninki biyu ko fiye, saboda haka sai ta tura kankaren da ke kewaye da ita har ya fashe ya faɗo. Rodin ya sirance, dekin ya rage ƙarfi. A cikin wannan dekin ne kuma wayoyin lantarki na ɗakin ƙasa suke bi, ruwa yakan bi hanyarsu ya taru a mazaunin ƙwai ko fanka. Ta fuskar lafiya kuma, Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da jagora a 2009 game da danshi da fumfuna a cikin gidaje, inda ta nuna alaƙarsu da tari da ciwon asma da sauran cututtukan numfashi. Yara da tsofaffi su suka fi jin jiki.

Tsohuwar hanya da sabuwa

Hanyar da aka saba da ita tun shekarun da aka gina Garki ita ce a shimfiɗa takardar kwalta a kan dekin, a zuba daɓen siminti mai kauri a kanta, sa'an nan a manna tayil. Dole ne a sa daɓen a tsakani, domin siminti ba ya kama kwalta. Wannan hanya tana aiki idan an yi ta da kyau, amma tana da aibi: ruwan da ya ratsa layukan tayil yakan cika daɓen ya zauna a ciki, ba shi da mafita. Daɓen ya zama kamar soso, banɗaki ya riƙa wari ko an wanke shi, ruwan kuma ya yi ta neman inda takardar ta ƙare ko ta tsage, galibi a bakin ƙofa ko gindin bututu.

Wasu magina kuma sukan zuba wani gari ko ruwan magani cikin kwaɓin siminti, su ce wa mai gida an sa maganin ruwa. Gaskiya ne yana rage shan ruwan siminti, amma simintin yana nan da taurinsa; ranar da ya tsage, maganin ya tsage tare da shi. Taimako ne, bai isa a dogara da shi kaɗai ba.

Sabuwar hanya ita ce a gama daɓe da filasta tukuna, sa'an nan a lulluɓe su da wata siririyar shimfiɗa mai mannewa a jikinsu, mai ɗan talewa, a manna tayil kai tsaye a kanta. A nan za a kira ta fatar hana ruwa, ko da yake ba fatar dabba ba ce, domin aikinta irin na fata ne a jiki. Ruwan da ya ratsa layin tayil ba ya wuce 'yan milimita sai ya ci karo da ita, ya bi gangara ya faɗa magudana. Daɓe da bulo da dekin duk suna zama a bushe. Ƙasashe da dama sun kafa mata mizani: a Turai akwai EN 14891 domin irin da ake shafawa, a Amurka akwai ANSI A118.10, Jamus kuma ta fitar da DIN 18534 a 2017 domin tsare ruwa cikin ɗakuna. Mai saye zai iya duba irin waɗannan lambobi a jikin buhu ko bokiti.

Fatar iri uku ce. Ta farko haɗi ce ta garin siminti na musamman da wani farin ruwa mai danƙo, ana sayar da su tare, a dama, a shafa da buroshi ko cokalin magini. Ita ce ta fi dacewa da yawancin gine-ginen ƙasar nan, domin tana kama filasta da kankare sosai, tana jure ɗan danshi a jikin gini, kuma hannun birkila ya riga ya saba da irinta. Ta biyu tana zuwa a dame cikin bokiti kamar fenti mai kauri, idan ta bushe ta zama kamar roba. Wannan tana bukatar busasshen wuri, kuma ta fi dacewa da bango. Ta uku shimfiɗar leda ce mai ƙarfi wadda aka lulluɓe fuskokinta biyu da zare mai laushi domin gam ya kama, tana zuwa a naɗe kamar tabarma. Kaurinta ɗaya ne ko'ina tun daga masana'anta, sai dai ta fi tsada kuma ba a ko'ina ake samunta ba. Ledar da ake shimfiɗawa ƙarƙashin harsashin gini ba ita ba ce, kuma ba ta maye gurbinta, domin babu gam ɗin tayil da zai kama ta.

Yadda ake aikin

Aiki yana farawa ne daga mai haɗa famfo. Wajibi ne a gama binne duk bututun ruwa, a cika su da ruwa, a toshe bakunansu, a bar su kwana guda a ga ko akwai inda ke yoyo, kafin a rufe su da filasta. Fatar hana ruwa ba ta maganin bututun da ya fashe a bayanta. Haka kuma duk wata huda da za a yi, a yi ta yanzu.

Sai gangara. A cikin daɓen ake fitar da ita, ba a cikin gam ɗin tayil ba. Ƙa'idar ita ce santimita 2 a kowace mita 1, watau kimanin rubu'in inci a kowace ƙafa ga maginin da ya saba da tsohon awo. Idan daga kusurwa mafi nisa zuwa magudana mita 1 da rabi ne, to, bakin magudana zai yi ƙasa da kusurwar da santimita 3. Mai gida ba ya bukatar na'ura domin ya gwada: ya zuba buta guda a kowace kusurwa ya tsaya ya gani. Duk inda ruwa ya kwanta, a gyara shi kafin a ci gaba. Yana da kyau kuma ƙasan banɗaki ya ɗan yi ƙasa da na ɗakin da ke kusa, domin a gidajen ƙasar nan da bokiti ake yawan wanka, ruwa kuma yana kai wa ko'ina, ba ƙarƙashin shawa kaɗai ba. Saboda wannan dalili, ƙasan banɗakin gaba ɗaya ake lulluɓewa, har bakin ƙofa.

A bar daɓe da filasta su nuna. Kankare yana ɗaukar kwana 28 kafin ya kai ƙarfin da aka lissafa masa, kuma a makonnin farko ne siminti ya fi ƙanƙancewa. Wanda ya shafa fata a kan daɓen jiya ya shafa ta ne a kan abin da bai gama motsi ba. Idan lokaci ya yi, a kankare duk wani tudun siminti, a cike ramuka, a share ƙura sarai. Ƙura ita ce babbar abokiyar gaban wannan aiki, musamman da hunturu. Fatar da aka shafa a kan ƙura, ƙurar ta kama, ba ginin ba. Ga irin ta siminti, akan ɗan jiƙa wurin ya yi danshi ba tare da ruwa ya kwanta ba. Ga irin ta bokiti, akwai ruwan share fage da ake fara shafawa. Kowace iri da umarninta a rubuce, kuma ya kamata a karanta shi a gaban mai aikin.

Kusurwoyi da bakin bututu su ne zuciyar aikin, nan ne kuma ake gane ƙwararre. A duk inda bango ya haɗu da ƙasa, ko bango ya haɗu da bango, ana shafa kwaɓin, a kwantar da wata ɗamara ta ƙyalle mai talewa, rabinta a wannan gefe rabi a wancan, a danne ta har iska ta fita, a sake shafawa a kanta. Idan gini ya motsa, ɗamarar ce za ta miƙe maimakon fatar ta yage. Kowane bututu da ya fito daga bango ko ƙasa ana sa masa wuyan roba mai kama shi tsam, a binne gefen wuyan cikin fatar. Magudana kuwa, a nemi irin mai faffaɗan baki wanda fata za ta hau kansa ta manne. Abin da aka fi gani a gine-gine shi ne a yanke bututu daidai da daɓe, a ɗora masa murfin ƙarfe mai huda bayan an gama tayil, a cike gefe da farin siminti. Ruwan da ya biyo ƙarƙashin tayil idan ya iso nan ba ya shiga bututun, bayansa yake bi ya sauka ɗakin ƙasa. Mafi yawan tabon da ake gani a silin a kewayen bututu daga nan yake. A tabbata kuma magudanar tana da lanƙwasar da ke riƙe ruwa, wadda ke hana wari da kyankyaso dawowa.

Bayan haka sai a shafe fili duka. A bangon da ruwan shawa ke duka, fata za ta hau aƙalla mita 1.8 daga ƙasa, ko ta wuce kan shawar. A sauran bangaye kada ta gaza santimita 15. Shafi biyu ake yi, ba ɗaya ba. Idan na farko an ja buroshi daga hagu zuwa dama, na biyu a ja shi daga sama zuwa ƙasa, bayan na farko ya kama, domin ƙananan hudojin da na farko ya bari na biyu ya rufe su. Ga shimfiɗar leda, kowane gefe zai hau kan ɗan'uwansa da aƙalla santimita 5.

Kauri shi ne inda aka fi cutar mai gida, domin siririn shafi da mai kauri kamanninsu ɗaya a ido. Mizanin Jamus ya ce irin ta siminti kada ta gaza milimita 2 bayan ta bushe, irin ta bokiti kuma rabin milimita. Hanyar ganewa ita ce lissafin kaya. Milimita 2 na irin ta siminti yana cin kimanin kilo 3 zuwa 4 a kowane murabba'in mita. Idan ƙasa da bangon da za a shafe sun kai murabba'in mita 10, ana bukatar kilo 30 zuwa 40. Mai aikin da ya gama wannan fili da kilo 20, har ya rage saura, ko dai ya tsinka kwaɓin da ruwa ko ya ja shi ya yi siriri. Araha ba ta ado. Kada a yarda a ƙara ruwa ko yashi ko simintin gini a cikin haɗin, sai abin da masu yin sa suka rubuta.

Yanayi ma yana da nasa hukunci. Daga Disamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan busar da shafi da gaggawa har ya tsattsage, don haka a rufe taga, a yi aikin da safe. A Agusta da Satumba kuwa bushewa takan yi jinkiri, sai a ƙara haƙuri, kada a dogara da adadin awoyin da ke jikin buhu kaɗai. Kafin a manna tayil kada kowa ya shiga da takalmi, kada a ajiye bokiti ko tsani a kai.

Gwaji kafin a rufe

Idan fata ta bushe sarai, a toshe magudana, a tare bakin ƙofa, a tara ruwa mai zurfin santimita 3 zuwa 5, a yi alama a bango daidai kan ruwan. A bar shi aƙalla awa 24. Idan an kai 48 ya fi. Sa'an nan a duba alamar, a sauka ƙasa a duba silin da kewayen bututu, a duba bayan kowane bango. A gidan bene, ya dace a gayyaci maƙwabcin ƙasa ya gani da idonsa. Wannan gwaji ba ya cin komai sai ruwa da kwana ɗaya ko biyu, kuma shi ne lokaci na ƙarshe da gyara ke da sauƙi: yau buroshi ɗaya zai toshe hudar da, bayan an manna tayil, sai an fasa banɗakin duka kafin a gano ta. Ya kamata a rubuta cikin yarjejeniyar aiki cewa ba za a biya kuɗin wannan mataki ba sai an ci gwajin, a kuma ɗauki hoton kusurwoyi da magudana da waya a ajiye.

Manna tayil a kan fata da gam ɗin tayil ake yi, irin na buhu, ba da kwaɓin yashi da siminti ba. Ana baza shi da cokali mai haƙora, a danna tayil a ɗan murza, har bayansa ya kama kusan duka. Al'adar nan ta ɗora dunƙule biyar a bayan tayil a manna tana barin kogo, kogo kuma matattarar ruwa ce da ƙwari. Idan an ƙwanƙwasa tayil aka ji yana amsawa kamar ganga, haka aka yi masa. A ƙasan wurin wanka ƙananan tayil marasa santsi sun fi, domin manya irin masu santimita 60 ba sa bin gangara ta kowace fuska, ga kuma haɗarin zamewa ga tsofaffi da masu juna biyu. A bar layi tsakanin tayil, kada a haɗa su baki da baki. Layin da ke kusurwa da wanda ke gindin bango da silikon ake cike su, domin yana talewa. Bayan an gama, duk wanda zai huda bango ya kafa madubi ko mariƙin tawul ya sani fatar yake hudawa. A cika ramin da silikon kafin a ɗaura ƙusa, ƙasa kuwa kada a huda ta sam.

Saye da sa ido

Kasuwar kayan gini ta Dei-Dei da makamantanta a sauran birane suna da kaya nagari, suna kuma da na jabu. Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta Nijeriya, SON, wadda asalinta ya koma 1971, tana da shirin MANCAP domin kayan da aka yi a gida da SONCAP domin waɗanda aka shigo da su. Mai saye ya duba alama, ya duba ranar da aka yi kaya da ranar lalacewarsa, ya ƙi buhun da ya dunƙule ko bokitin da aka taɓa buɗewa, ya karɓi rasit. Ya fi kyau fata da ɗamara da gam su fito daga kamfani ɗaya, domin an gwada su tare. A babban gini, Kundin Ƙa'idojin Gini na Ƙasa na 2006 ya ɗora kula da aiki a wuyan ƙwararru masu rajista, kuma majalisar CORBON, wadda aka kafa a 1989, ita ke riƙe da rajistar magina.

Gidan da ya riga ya fara yoyo kuwa, sake fentin silin ɓata kuɗi ne muddin ba a gano tushen ruwan ba. A daina amfani da banɗakin na 'yan kwanaki, a bar ruwa a cikin bututu. Idan danshi ya ci gaba yadda yake, ko ɗigon bai tsaya ba, laifin bututun kawo ruwa ne. Idan ya ragu, sa'an nan ya dawo bayan an koma wanka, to, ƙasan ne ko magudana. Sake cike layukan tayil da sabunta silikon yakan sassauta abin na wani lokaci, amma gyara na dindindin sai an cire tayil an yi aikin daga tushe. A guji wanke tayil da ruwan batir ko wani asid mai ƙarfi, domin yana cinye simintin layukan. Inda na sama da na ƙasa kowa da gidansa, ya fi sauƙi su kira mai aiki ɗaya ya duba a gabansu, su rubuta abin da suka amince a kai game da kuɗi da ranar farawa.

Idan kuwa an ga kankaren silin ya fashe, ko jan ruwan tsatsa yana fitowa, ko rodi ya bayyana, al'amarin ya wuce birkila da mai fenti. A kashe wutar lantarki ta wannan ɗaki, a kwashe gado da yara daga ƙarƙashin wurin, a kira injiniyan gini mai rajista da COREN ya auna ƙarfin dekin kafin a taɓa komai. A Abuja, ana iya kai rahoton ginin da ake shakkar lafiyarsa ga Sashen Kula da Tsarin Gine-gine na Hukumar Babban Birnin Tarayya. A jihohi kuma, ga hukumar tsara birane ta jiha.